Baƙo a Turance

A can ƙuryar shagon buga fosta, bayan babban inji da tarin takardun da ba a yanka ba, akwai wani teburi mai ƙafa uku da rabi, an cike rabin da bulo. Nan ne ofishin Malam Ƙamus. Duk fostar fim da za ta fita daga shagon sai ta bi ta kan teburin nan, kuma in bai sa hannu a bayanta ba, Injiniya mai kula da injin ba ya danna komai.

Aikin Malam layi ɗaya ne tak: layin Turancin da ake sawa a ƙarƙashin sunan fim na Hausa. Masu shirya finafinai sun yi imani fosta ba ta cika sai da shi, ko da masu kallo ba za su karanta ba, kamar agogon hannu da ya tsaya amma mai shi ba ya fita sai ya ɗaura.

Sunan nasa ya samo asali ne daga wani ƙamus da yake yawo da shi tun yana saurayi. Bangon littafin ya daɗe da tafiya, shafukan ƙarshe ma sun bi shi, har ya zamana ya ƙare a tsakiyar harafin U. Saboda haka duk kalmar da ta fara da W, Malam kallon tuhuma yake yi mata, yana cewa bai san iyayenta ba. Kayan aikinsa ba su wuce uku ba: ƙamus ɗin, tabarau mai igiya, da jan biro da yake sokewa a bayan kunne. Dokarsa kuma ɗaya ce. Ba ya taɓa sunan fim sai an ba shi labarin.

Daraktoci suna tsoronsa, suna kuma sonsa, don ya sha fid da su kunya. Wani mai hula a karkace ya taɓa kawo fosta, an rubuta Direba Ya Ci Amanata, a ƙasa kuma da manyan jajayen haruffa, The Driver Ate My Trust. Malam ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu.

"Darakta, da cokali ya ci ko da hannu?"

"Malam, ai haka waya ta ba ni."

"To koma wajen wayar ta ba shi ruwa ya kora."

Wata rana kuma fim ne a kan alfaharin mahaifi da ɗansa. Mai rubutun ya so ya ce pride, bakinsa ya ba shi F a madadin P, kwamfuta kuma ta ga abin bai yi mata ba ta ƙarasa ɓarnar, fosta ta iso da A Father's Fried. Malam ya tambaya cikin natsuwa wa ya soya dattijon, kuma da wane mai. Injiniya sai da ya kashe inji ya zauna a kan kwali don dariya ta hana shi tsayuwa.

Amma ba barkwanci ne ya kai shi inda ya kai ba. Yana iya ɗaukar rabin awa a kan harafi ɗaya. Yakan ce wa daraktoci, kalmar a ta Turanci mutumin da ka gani ne a tasha, the kuwa wanda ka san ƙofar gidansu ne, don haka kada su sa the a gaban wanda mai kallo bai gaisa da shi ba tukuna. Ɗan waƙafin nan na sama ma, in ya matsa taku ɗaya, uwa ɗaya ta zama iyaye da yawa. Wasu su saurara, wasu su riƙa duba agogo. Shi dai ba ya sa hannu sai abin ya zauna.

Makaranta ta tsaya masa a aji uku na sakandare. Turancinsa a bakin aiki ya tsince shi, a wani gidan silima da ke wani gari, tafiyar yini guda a mota. Shi ke rubuta allon ƙofa da fenti da burushi, yana kwafo sunayen finafinai daga jikin gwangwanayen da suke zuwa a ciki. Duk sunan da ya kwafa sai ya buɗe ƙamus ya tambaye shi dalili. Shekara goma sha huɗu yana can, iyali suna gida. Asabar ɗin ƙarshen wata yake zuwa da jakarsa mai zif ɗaya, Litinin da sassafe ya juya. Da silimar ta rufe aka mai da ita wurin sai da kujeru, ya tattaro ƙamus ɗinsa ya dawo gida gaba ɗaya. Lokacin manyan 'ya'yansa sun zama samari, Auta kuwa tana da shekara tara.

Auta ce ta gaji son fim. Ita ta je jami'a ta karanta shi. Yarinya ce mai shiru, in tana ɗaki sai ka manta tana nan, sai daga baya ta maimaita maka maganar da ka yi har da yadda ka sosa kunne. Malam yana alfahari da ita ƙwarai, amma hirarsu ba ta cika wuce gaisuwa da "an dawo lafiya" ba. Bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. A ganinsa haka Allah ya yi ta.

Wata Laraba da hantsi ya ɗago kai ya gan ta tsaye a gaban teburinsa, da naɗaɗɗiyar takarda a hannu. Ta rusuna ta gaishe shi, ta gaida Injiniya.

"Baba, aiki na kawo."

Malam ya ji daɗi ƙwarai, amma ya ɓoye, ya tsuke fuska irin ta ma'aikata.

"A gida ke 'yata ce. A nan darakta ce ke. Zauna a benci."

Gajeren fim ne, na farko da ta shirya da kanta, za ta tura shi wata gasa a ƙasar waje, kuma masu gasar suna son hoton fosta kafin azahar ɗin gobe. Ya warware takardar, ya danne gefunanta da ƙamus da kofin shayi. Hoton ƙofar falo ne, wata ƙaramar yarinya tana leƙe ta bayan labule, ga bayan wani mutum riƙe da jaka. A sama an rubuta Baƙonmu. A ƙasa, Our Stranger.

Hannunsa ya riga hankalinsa. Kafin ya tuna da dokarsa, jan biro ya sauko daga kunne ya ja layi a kan kalmar ta biyu, ya rubuta Guest a samanta.

"Haba Auta. Shekara huɗu a jami'a! Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, baƙo, ta ishe mu. Su Turawa biyu suka yi. Stranger shi ne wanda ba ki sani ba, ba ki san daga inda ya fito ba, in ya tsaya a ƙofa sai a leƙa ta taga tukuna. Guest shi ne wanda ake yi wa shimfiɗa. To our ba ya zama da stranger. In naku ne, kun san shi. In ba ku san shi ba, ba naku ba ne. Kamar ki ce aminina da ban taɓa gani ba."

"Na sani, Baba."

"Kin sani kika rubuta?"

Ta shiga wasa da bakin mayafinta. Sai a lokacin ya tuna bai ji labari ba. Ya jingina, ya harɗe hannuwa.

"Ba ni labarin, Darakta."

Ta ba shi a taƙaice, idonta a ƙasa. Wata yarinya ce 'yar shekara shida. Akwai wani mutum da yake zuwa gidansu sau ɗaya a wata da jaka. In zai zo ana share falo, a fito da kofin gilashin da ba a ba kowa. Ya kwana biyu ya tafi. An ce mata mahaifinta ne, amma ita in ta ji muryarsa sai ta ruga bayan labule.

Injiniya, wanda ya rage ƙarar inji tun shigowarta don kada wata kalma ta wuce shi, ya leƙo ta saman tarin takardu.

"Malam, wannan baƙon kamar na san shi. Jakar tasa zif ɗaya ne?"

"Kai dai kula da tawadarka."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Malam ya sake duba bayan mutumin da ke jikin fostar, ya ga har yadda kafaɗar hagu ta ɗan sauka irin tasa ce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Shekara da shekaru yana tambayar daraktoci me suke nufi, bai taɓa jin tsoron amsa ba sai yau.

"To a cikin biyun, wanne kike nufi?"

"Wanda na rubuta, Baba."

Ya naɗe fostar ya ajiye a gefe. Ya ce ba zai sa hannu a kan kuskure ba, ko na wane ne, ta je ta yi tunani. Ta ce to, ta yi sallama ta fita, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma ce za ta canza ba.

Ranar nan ya tashi daga aiki da wuri. Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana guga, rediyo yana ta surutu a gefenta. Ya zauna a kujerar roba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Wai ni stranger ne a gidan nan?"

"Me ke nan kuma?"

"Baƙo."

"Au. To a da ai baƙon ne. Kofin gilashi nake fito maka da shi, yaran nan har faɗa suke yi a kan wanda zai wanke."

"Ba wannan baƙon ba. Ɗaya baƙon."

"Baƙon ma kashi biyu ne?"

"A Turance."

"To je ka tambayi Turawa, ni a Hausa na aure ka." Ta juya rigar, ta yayyafa mata ruwa. "Fim ɗin Auta ne ya taɓo ka ko? Ka kalla?"

"Ban kalla ba. Sunan na gani."

"Ikon Allah. Kai da kake hana mutane yanke hukunci kafin labari. Lallai wanzami ba ya son jarfa."

Ya juya hular da ke gwiwarsa. Yana tuna yadda yakan miƙa wa Auta alewa ta karɓa da yatsu biyu, ta koma ta ba mamanta ta ajiye mata. Yana tuna ranar da ya ji ta tana tambaya a kicin, "Mama, mutumin nan yau ma a nan zai kwana?" A lokacin dariya ya yi har da buga ƙafa, ya kai labarin wurin aiki ana ta raha. Yanzu da ya juya maganar zuwa Turanci a ransa, sai ya ji ba ta da daɗin ji ko kaɗan. Da 'yarsa ta tsaya a Hausa, da babu wanda zai tambaye ta wane irin baƙo. Turanci ne ya tsare ta a lungu ya ce sai ta zaɓa, ta kuwa zaɓa, kuma gobe duniya za ta karanta.

Washegari ƙarfe goma ta dawo shagon, wannan karon da kwamfutarta a jaka. Ta ɗora a kan teburin, ta gyara bulon da ƙafarta don kada ya girgiza.

"Minti goma sha takwas ne, Baba."

Injiniya ya kashe inji gaba ɗaya, ya jawo bokitin tawada ya kife ya zauna, ba tare da an gayyace shi ba.

Minti goman farko Malam bai ji daɗinsu ba. Ga yarinyar tana ɓuya. Ga mutumin yana kiranta da murmushi tana noƙe kafaɗa. Ga shi zaune shi kaɗai a falo da kofin gilashi, yana ta buɗe wani littafi marar bango, yaran gida suna magana ƙasa-ƙasa kamar a asibiti. Injiniya ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskar Malam, ya rufe.

Sai aka nuno safiyar Litinin. Mutumin ya yi wanka, ya ɗauki jaka, ya zo bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya. Ya duba ƙarƙashin kujera, ya duba bayan randa, ya tashi gidan duka ana nema. Ana cikin haka yarinyar ta fito da kayan makaranta, ta wuce ta gefensa ba ta ko kalle shi ba, jakarta ta kumbura kamar ta haɗiyi kabewa. A aji malama ta ce kowa ya fito da littafin lissafi. Yarinyar ta zuge jaka a hankali, sai ga hancin ƙaton baƙin takalmi ya leƙo.

Mota ta tashi ta bar mutumin. Da yarinyar ta dawo daga makaranta ta same shi a falo da silifas ɗin banɗaki, yana huci. Ta zo ta zauna a kujerar da yake, can ɗaya ƙarshen, ta buɗe littafinta. Bayan ɗan lokaci ta matso kamu ɗaya. A nan fim ɗin ya tsaya, sunaye suka fara hawa.

Malam ya juyo ya dubi Auta.

"Ke ce?" in ji Malam.

Auta ta gyaɗa kai.

"Duka takalmana huɗun da suka ɓace?"

"Biyar ne, Baba. Ɗaya ba ka lura ba, Mama ta gani ta mayar kafin ka fito wanka."

Injiniya ya faɗo daga kan bokiti. "Takalmi biyar! Malam, ashe ɓarawon yana cin abinci a kwanonka!"

"Kai ba ka san komai ba," in ji Malam. "Karen maƙwabcinmu na ɗora wa laifin. Shekara biyu ba ma gaisawa da bawan Allahn nan. Har cewa na yi ya daina ba karensa fata, ya saba masa da ita. Sau biyu manajan silima yana yi mini faɗa a gaban jama'a, na ce masa kare ne, ya ce wane irin kare ne wannan da ya san kalanda."

Auta ta rufe baki da mayafi tana dariya, hawaye na fita. Da ta lafa, ta dubi fostar da ke naɗe a gefen teburin, ta yi maganar da ta fi kowace tsawo da ta taɓa yi masa.

"Ban san shi ba, Baba. Wallahi a lokacin ban san shi ba, tsoronsa ma nake ji. In na ce guest na yi ƙarya. Kuma guest ai raka shi ake yi, a ce ya gaida gida. Ni ba na so ya tafi. Ban san shi ba, amma namu ne. Na duba, na tambayi malamaina, babu kalmar da ta ɗauki duka biyun. Shi ya sa na haɗa su haka."

Malam ya warware fostar. Ya daɗe yana duban kalmomin biyu, da jan layin da ya ja jiya. Ya buɗe ƙamus a harafin S, ya bi da yatsa, ya karanta abin da ya riga ya haddace, ya rufe. Dokar tana nan yadda ya barta, our ba ya zama da stranger. Amma ga su zaune gefe da gefe, ɗan fili kaɗan ne tsakaninsu, kuma ya rasa wanda zai tasa a cikinsu labarin bai rage ba.

Akwai wata alama da masu gyaran rubutu suke yi in sun soke kalma suka ga ba su kyauta ba: a jera ɗigo-ɗigo a ƙarƙashinta, ma'ana a bar ta yadda take. Malam ya san alamar tun yana saurayi, amma a tsawon zamansa a shagon nan bai taɓa yin ta ba, don bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Ya zaro jan biro. Ya ɗiga takwas, ɗaya a ƙarƙashin kowane harafi, a hankali kamar mai shuka. Ya soke Guest ɗin da ya rubuta. Ya juya takardar ya sa hannu.

Injiniya ya karɓa, ya ɗaga ta sama yana dubawa da ido ɗaya.

"Malam, jiya fa ka ce kuskure ne."

"Yau ma kuskure ne."

"To?"

"To buga. Kuma ka ƙara wa our ɗin nan kauri, daga nesa ba ya fita."

"Daraktocin nan in suka ji, sai sun yi maka waƙa. Mai direban nan ma zai dawo ya ce a mayar masa da amanarsa da aka cinye."

"Ya zo da fim mai kyau tukuna."

Inji ya tashi, shagon ya cika da ƙara da warin tawada. Auta ta tsaya a bakin injin tana jiran ta farko ta fito, hannuwanta a haɗe a ƙirji. Malam ya mayar da biro bayan kunne, ya kurɓi shayin da ya riga ya huce, ya matsa can ƙarshen benci ya bar wuri. Da fostar ta fito ta kawo masa, ta zauna kusa da shi suna dubawa tare, yana nuna mata inda baƙin ya ɗan yi yawa.

"In kin tura musu hoton," ya ce, "za ki raka ni wani wuri."

"Ina, Baba?"

"Gidan mai karen nan. Akwai haƙurin da za a bayar, kuma ba ni kaɗai zan bayar ba."

"Baba, karen ai ya mutu tun ina firamare."

"Mai shi yana nan. Ɗauko jakarki."